Babangida a Bakin Bajapane: Nazarin Murya a Tsofaffin Wasannin Bidiyo

Kalmar Hausa ta farko da na taɓa ji ta fito daga cikin na'urar wasa, Bajapane ne ya furta ta. A Ƙanƙara ne, wajen shekarar 2003, a wani shago mai rufin kwano da muke kira gidan gem. Talabijin biyu ne a ciki, da PlayStation biyu irin ta farko mai ruwan toka, da benci uku, da ƙaramin janareta da ake ɗaurewa da sarƙa a bakin ƙofa. Ana buga ƙwallon Winning Eleven, wani ya ɗauki Nijeriya, ya tura wa ɗan gefen dama ƙwallo. Muryar mai sharhi tana ta zuba cikin wani yare da babu wanda ya san ko gaisuwarsa a cikinmu, sai kawai a tsakiyar zubar ta ɗaga ta ce: Babangida! Shagon ya kaure da ihu. Tijjani Babangida ake nufi, ɗan Kaduna da ya buga wa Ajax ta Holand, yana kuma cikin waɗanda suka ciyo zinare a Atlanta a 1996. Waɗanda suka ƙera wasan sun ba shi gudun da ba a kamo shi, mai sharhin kuma ya kira sunansa kamar a gidansu aka raɗa shi.

Abin da nake son nazarta shi ne aikin irin wannan murya, wato aikin mutanen da ake shigarwa ɗakin ɗaukar sauti, a miƙa musu takarda, su ara wa zanen da ke motsi a allo numfashinsu. Masu sharhin wasannin bidiyo a Turai da Amurka sun daɗe da yanke hukunci a kan shekarun 1990: muryoyin wasannin kwamfuta sun fi na akwatin gem da ake jona wa talabijin, nesa ba kusa ba. Na yarda da rabin hukuncin. A ɗaya rabin ina da ja, kuma hujjata ta fito ne daga abin da wani zai ɗauka rauni ne. Mu da muka buga waɗannan wasanni a Ƙanƙara da Faskari ba ma jin abin da ake faɗa. Wanda ma'ana ta kuɓuce masa, kunnensa kan koma kan abin da ya rage: amo, da numfashi, da inda aka dakata, da ko mai magana ya san da wa yake yi.

Hukuncin yana da tushe, kuma na san tushen tun kafin in san sunansa. A gidan gwaggona a Faskari, inda nake zuwa hutun makaranta, taubashina yana da tsohuwar Sega Mega Drive da aka kawo masa daga Kano. Kaset ake cusa mata, cikin kaset kuwa babu fili. Wasan Sonic na 1991 gaba ɗayansa kilobayit 512 ne, kuma Yuji Naka, wanda ya rubuta shi, ya taɓa cewa kiran sunan kamfanin da ake rerawa a farkon wasan shi kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin takwas na wurin. Idan kalma guda ta yi wannan tsada, ina za a sami kuɗin jimla? Shi ya sa muryoyin Mortal Kombat a wannan na'ura suke fitowa guntu-guntu, a shaƙe, kamar rediyon da batirinsa ya kusa mutuwa. Ba a yi wa wannan shari'ar wasan kwaikwayo. Tambari ne ake bugawa, a ji a san an zo ƙarshen faɗa.

Faifan CD ne ya buɗe ƙofa, domin yana ɗaukar kimanin megabayit 650, kuma kwamfuta ta riga akwatunan gem cin moriyarsa yadda ya kamata. Manyan kamfanonin wasannin labari na kwamfuta, irin su Sierra da LucasArts, a Kalifoniya suke, jihar da masana'antar fim ta Amurka take. A 1993 Sierra ta fitar da Gabriel Knight da muryar Tim Curry da ta Mark Hamill. A 1995 LucasArts ta fitar da Full Throttle, Roy Conrad ya hau muryar jarumin, Hamill ya hau ta mugun. Marubuci da mai ba da umarni da ɗan wasa duk harshensu ɗaya, idan jimla ta yi tuntuɓe a baki za a gyara ta nan take. Akwatunan gem kuwa, Sega da Nintendo da Sony, duk na Japan ne, kuma yawancin manyan wasanninsu a can aka rubuta su. Kafin magana ta iso kunnen ɗan Amurka sai ta bi ta hannun tafinta, sau da yawa kuma mai ba da umarnin ba ya jin Turancin da yake sa a faɗa.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne Resident Evil na kamfanin Capcom, wanda ya fito a PlayStation a 1996. Ko a Japan da Turanci aka sayar da shi, kuma a can aka ɗauki muryoyin, da bakin Turawan da aka samu suna zaune a ƙasar. Masu jin Turanci har yau suna dariyar wurin da wani jami'i ya ceto abokiyar aikinsa daga ɗakin da rufinsa ke saukowa zai niƙe ta, sai ya ce mata saura ƙiris ta zama burodi mai nama a tsakiya. Mu wannan dariya ta wuce mu. Amma ga abin da ya faru a Faskari wata ƙaramar salla, da taubashina ya aro PlayStation muka kwana biyu a ɗakin soro muna wannan wasa. Gwaggo tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, sautin yana isa gare ta ta taga. Ba ta yi boko ba, Turancinta bai wuce na lissafin kuɗi ba. Can sai ta ɗaga murya ta ce, "Kai 'yan nan, waɗannan mutanen gaba suke yi da juna ne? Kowa sai maganarsa yake shi kaɗai, kamar masu karanta wasiƙa."

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma ban ga mai sharhin da ya fi ta gano ciwon ba. Abin da ta ji shi ne rashin amsawa. A zance na gaskiya, ƙarshen maganar wani shi ke ɗora farkon maganar ɗan'uwansa: idan na yi maka tsawa, ko dai ka ɗaga taka ko ka sassauta, amma dole a ji tsawata a cikin amsarka. A Resident Evil kowace jimla tsaye take ita kaɗai, da shiru a gabanta da shiru a bayanta. Mutum ya tarar da jini a ƙasa, abokinsa ya ɓace, amma amonsa irin na mai tambayar kuɗin tumatir ne. Bahaushe ba ya bukatar ƙamus kafin ya gane wannan, domin harshenmu da karin sauti yake tafiya. Wanda tun yana goye kunnensa yake rarrabe fari na launi da fari na rashin ruwa ta hawa da saukar murya kawai, ba za a ɓoye masa muryar da ta hau inda ya kamata ta sauka ba.

Ɓangaren kwamfuta sai da na girma na saurare shi, kuma a cikin wani hali da ban zaɓa ba. A watan Satumba na 2021 ina koyarwa a Sabuwa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. An hana sayar da dabbobi a kasuwanni, an hana sayar da fetur a jarka. Da magariba kowa ya shige gida. Abin da ya rage mini shi ne tsohuwar kwamfutar cinya da nake caji da hasken rana, cike da tsofaffin wasanni da wani abokin karatuna ya taɓa zuba mini a Zariya ban taɓa buɗewa ba. A waɗannan darare na buga Grim Fandango na 1998, labarin wani dillalin tikitin tafiya a ƙasar matattu. Tony Plana, haifaffen Kuba, shi ya hau muryarsa. Nakan rufe ido in saurara, in gwada shi da ma'aunin Gwaggo. Ya ci jarrabawar. Yana magana ƙasa-ƙasa, irin ta ma'aikacin da ya gaji da ofis amma bai gaji da wayo ba, yana jefa kalmomin Sifaniyanci inda Turanci ya yi masa ƙunci, kamar yadda ɗan bokonmu ke surka Hausa da Turanci idan zance ya yi daɗi. Idan direbansa mai ƙaton jiki ya yi ruri, sai ka ji ya ja numfashi kafin ya amsa. A cikin wannan jan numfashin ake gane cewa ya ji abin da aka faɗa masa. Wanda ya ce wannan ya fi Resident Evil bai yi ƙarya ba.

Sai dai a cikin wannan kwamfuta ɗin dai akwai Resident Evil ɗin da aka mayar wa kwamfuta, da muryoyinsa yadda suke, ba su warke ba don sun sauya gida. Akwai kuma King's Quest V na Sierra, wanda aka sa wa murya a farkon shekarun 1990 da bakin ma'aikatan kamfanin. Akwai wata mujiya a ciki da ke bin jarumin tana gargaɗinsa, da wata siririyar murya ta shagwaɓa wadda ba a minti biyar da ita sai an nemi inda ake rage sauti. A ɗaya gefen kuma, shekara biyu kacal bayan Resident Evil, a kan PlayStation ɗin nan mai ruwan toka, Konami ta fitar da Metal Gear Solid a 1998. Shi ma a Japan aka rubuta shi, Hideo Kojima ne mai shi. Amma an ba Jeremy Blaustein fassara ya mayar da ita maganar da baki zai iya ɗauka, aka ɗauki muryoyin a Amurka ƙarƙashin Kris Zimmerman, wadda ba da umarnin murya ce sana'arta, David Hayter ya hau muryar Snake. Mafi yawan zancen wasan ta wayar soja ake yinsa, fuskoki biyu kore a allo ko motsin kirki ba sa yi. Wato wasan kwaikwayon rediyo ne tsantsa, kuma ya tsayu da ƙafarsa. Na'urar da aka ɗora wa laifi a 1996 ita ce aka yaba a 1998, ko dunƙulen waya ba a sauya mata ba. Ashe rabon da aka yi tsakanin akwati da kwamfuta ya bi ta inda bai kamata ba. Inda ya kamata a tsaga shi ne tsakanin ɗakin da akwai mai kunne a ciki, wanda zai ce a sake, da ɗakin da babu.

Yanzu in koma ga Bajapanen, domin shi ne hujjata mafi ƙarfi, kuma masu wancan hukunci ba su cika sa shi a lissafi ba, tunda su fassarar Turanci suka saya. Mu kuwa faifan da ya iso kasuwa shi muka samu, sau da yawa na Japan ne, rubutunsa kamar tafiyar kaza, muna haddace inda ake dannawa. Sunansa Jon Kabira, haifaffen Okinawa, mai gabatar da shirye-shirye a rediyo, kuma tun a shekarun 1990 ya zama muryar Winning Eleven. Aikinsa ya fi na ɗan wasan labari wuya ta wata fuska. Shi ba a ba shi labari ba. An ba shi ɗaruruwan guntaye ne ya faɗa ɗaya bayan ɗaya a ɗaki shi kaɗai, sunaye da ihu da gajerun jimloli, na'ura ce za ta riƙa ɗinke su gwargwadon abin da yaro ya yi da yatsunsa a Ƙanƙara. Dole ya yi murnar ƙwallon da ba a ci ba tukuna, ya yi takaicin bugun da ba a ɓarar ba. Duk abin da ya kashe Resident Evil yana nan a ɗakinsa: kaɗaici, da guntaye, da rashin abokin amsawa. Amma da ya ja wannan "shuuto" tasa, yana tsawaita wasalin har sai ƙwallo ta isa raga ko ta wuce, babu wanda ke zaune a benci.

Ina ganin dalili biyu ne. Na farko, ya san irin aikin da yake yi, kuma mu ma mun san shi. Aikin sanƙira ne a filin dambe, aikin ɗan ma'abba a gefen makaɗi. Sanƙira ba ya ba ka labarin abin da idonka ke gani, zuga yake yi, yana ɗaga murya daidai lokacin da ɗan dambe ya ɗaga hannu, kuma ko an maimaita kirari sau ɗari ba ya tsufa idan an jefa shi a kan gaɓa. Kabira ya ɗauki kowane guntu da cikakken ƙarfinsa, ta yadda duk inda na'ura ta jefa shi zai faɗa a tsaye. Dalili na biyu na harshe ne. Japananci wasula biyar gare shi kamar Hausa, yana bambanta dogon wasali da gajere, yana ninka baƙi, yawancin gaɓoɓinsa baƙi ne da wasali, kuma da hawa da saukar murya yake rarrabe wasu kalmomi. Shi ya sa Babangida ya zauna daram a bakinsa, kowace gaɓa da haƙƙinta, inda Bature zai danne ɗaya ya haɗiye sauran.

Da PlayStation ta biyu ta iso garinmu, faya-fayan Turanci suka biyo ta, masu suna Pro Evolution Soccer, da sharhin Peter Brackley da Trevor Brooking. Brackley gogaggen mai sharhin talabijin ne a Ingila, ba za a raina shi ba. Amma salonsa na natsuwa ne, na jimla mai kai da gindi, kuma jimla irin wannan ita ce ɗinkin na'ura ya fi tonawa asiri: sunan ƙungiya ya fito da wani amo, ragowar maganar da wani. Yara da dama a gidan gem suka riƙa roƙon a mayar musu da na Japan.

A nan dole in tsaya in tuhumi kaina. Mai karatu zai iya cewa jahilci ne ya yi wa Kabira rana: da muna jin Japananci, da mun gaji da maimaicinsa kamar yadda muka gaji da na Brackley da muka fara tsintar Turanci a sakandare. Akwai gaskiya a ciki. Maganar da ba ka fahimta kiɗa ce, kiɗa kuma ya fi zance jure maimaici. Amma da rashin fahimta ne kawai ke ƙawata murya, da Resident Evil ma ya yi mana daɗi, tunda shi ma ba ma jin sa. Kunnuwan nan da suka karɓi ɗaya su suka ƙi ɗaya, a shekara guda, a kan na'ura guda. Ban ce ma'ana ba ta da muhimmanci ba. Rabin daɗin Grim Fandango a cikin barkwancin rubutunsa yake, kuma wannan rabin sai mai jin Turanci. Abin da na ce shi ne akwai wani sashe na ingancin murya da ke riga ma'ana isowa, kuma mu da aka rufe wa ƙofar ma'ana mun fi kowa zama da shi.

Me ya sa ɗalibin adabin Hausa zai damu da wannan? Domin ɗora murya ta zama sana'a a ƙasarmu. A gidan gem na Ƙanƙara akwai wani yaro, ɗan mai facin taya, wanda ba ya da kuɗin buga wasa, sai ya tsaya bayan benci yana fassara mana Metal Gear Solid da ka. Ba ya jin ko kalma. Amon yake bi: idan kanar ya yi magana sai ya mayar da shi Samanja Mazan Fama, da Hausar barikin nan ta Usman Baba Pategi, Snake kuma ya zama kurtun da ake aika wa aikin da ya fi ƙarfinsa yana gunaguni. Shekaru bayan haka da na fahimci ainihin labarin, na tarar bai yi nisa da shi ba. Abin da yaron nan yake yi a tsaye kyauta shi ne yau ake yi a situdiyo a Kano, inda kamfanoni irin su Algaita suka mayar da finafinan Indiya Hausa har suka shiga kowane ƙauye. Mafi kyawun waɗannan fassarori suna da ruhin sanƙira, shi ya sa ake son su. Amma akwai da yawa a kasuwa da ke ɗauke da ciwon Resident Evil sak: mutum ɗaya a ɗaki yana karanta takarda, ya yi uba ya yi ɗa, mace tana kuka a allo murya tana sauri ta gama jimla. Mun gaji wasan kwaikwayon rediyo mai ƙarfi daga Kaduna da Kano, inda 'yan wasa ke tsayawa kewaye da makirufo suna kallon juna, kuma ina tsoron muna sayar da wannan gado da arha saboda yanzu kowa zai iya ɗaukar sauti shi kaɗai da waya.

A cikin watannin da babu layi a Sabuwa, wani ɗalibina ɗan aji biyar ya ga ina wasan Metal Gear Solid, ya ce yana so ya sa masa Hausa. Na rubuta masa fassarar zance guda, inda kanar ke ba Snake umarni shi kuma yana musu. Ya tafi ya ɗauka a wayarsa shi kaɗai, ya yi murya biyu, ya kawo. Na ce ya sake, amma ya nemo abokinsa su zauna suna fuskantar juna, su ajiye takardar, kowa ya jira sai ya ji ɗan'uwansa kafin ya buɗe baki. Suka yi sau shida a bayan aji.

Da aka maido da layi, hanya ta ɗan yi sauƙi, na bi ta Faskari gaishe da Gwaggo. Idonta ya yi rauni yanzu, rediyo ne abokin zamanta. Na kunna mata ɗauka ta farko ban ce komai ba. Ta saurara ta ce, "Sanarwa ce?" Na kunna ta biyu. Tun ba a kai rabi ba ta gyara zama, ta kai hannu ta riƙe wayar kusa da kunnenta. Da ta ƙare ta ce, "Wannan ƙaramin ɗan gidan wa ne? Ka ce masa in babba yana magana a daina katse shi."